Kujerar Ma'aurata a Ofishinmu na Giza

Har yau ban manta da wata ranar Talata a watan Yunin shekarar 2014 ba, lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishin haraji a Giza. Aikinmu shi ne shirya wa Amurkawan da ke zaune a Masar takardun harajin ƙasarsu, domin su ko ina suke a duniya sai sun biya gida. Ma'aurata suna iya haɗa nasu wuri guda, su sa hannu tare.

Shugabanmu, Ustaz Magdi, yana da ƙa'ida: ɗakin ciki mai doguwar kujera na mai takarda ne da mijinta ko matarsa. Ɗan rakiya kuwa sai dai benci a falo, inda Ammu Sayyid mai shayi yake zuba ido da baki.

Akwai wata malamar makaranta, Madam Karen, da ke zuwa duk shekara da ƙawarta Rut. Rut benci take zama. Daga baya na san a ƙasarsu an ɗaura musu aure da juna, amma hukumar haraji ta ƙi karɓarsu a matsayin ma'aurata, ana ta shari'a. Da kotu ta ba irinsu gaskiya, sai doka ta ce su cike a matsayin masu aure.

Ranar falo cike yake, har da iyayen wani ɗalibinta. In Rut ta shiga ɗakin ciki don su sa hannu tare, kowa zai gane, aikin Karen kuma zai iya tafiya kafin mako ya fita. Karen ta zo ta tsaya a bakin teburina.

Na shiga wajen shugaba na faɗa masa. Ya daɗe yana murza gashin baki.

"Ya Habibu, kai da ka zo karatun addini, me ka gani?"

"Ranka ya daɗe, abin da na yi imani da shi yana nan. Amma amanar Karen tana hannunmu."

"Khalas, shi ke nan. Nemo dabara."

Na fito na ɗaga murya na ce zafi ya yi yawa, fankar falo ba ta da ƙarfi, yau duk ɗan rakiya ya bi nasa ciki. Na fara da wani dattijo da direbansa. Direban ya zauna a gefen kujera kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Da layi ya zo kan Karen da Rut, ba wanda ya ɗaga kai.

Rut ta sa hannu, ta shafa kujerar, ta ce, "Ashe haka take da laushi." Wallahi sai da tausayi ya kama ni.

Ku da kuka shigo aikin nan, ku sani doka tana iya ba mutum haƙƙi, ɗakin jiranku ya hana shi karɓa. Ƙa'idar kujera dai ba ta sake dawowa ba, Ustaz Magdi kuma bai taɓa gyara fankar ba.