Gogo Huseina da Furen Giya

Gogo Huseina ce mai wankan gawar mata a unguwarmu a Kurfi, wajen shekara talatin. Daddawa take sayarwa. Ba ta da yawan magana, kuma ba a taɓa jin ta faɗi abin da ta gani a jikin mamaciya ba. Ita ta zauna da ni har na gama takaba.

Lokacin da ake aikin dam na Zobe, wata safiya ta kama hannuna ta ɗora ƙarƙashin nononta na hagu. Ƙullutu ne mai tauri kamar goro. Ta ce ta san shi, ta taɓa irinsa a jikin mata huɗu, dukansu a kan tabarmar wanka. A asibiti aka ce ciwon daji ne, sai an yanke. Ta ƙi.

Magdalina, wata Kirista mai zuwa sayen daddawa daga Dutsin-Ma, ta ji labari. Mijinta Cornelius ya yi aiki a kamfanin giya a Kaduna kafin ya dawo tuƙi a Zobe. Ta kawo busasshen fure kore-kore a gwangwani, ta ce shi ke sa giya ɗaci, wai wani Bature can ya ce yana iya hana daji yaɗuwa. Ba ta dai rantse ba. Muka aika wa Malam Alu, limamin unguwarmu, ko ya halatta, ya ce fure ba ya bugarwa, a sha.

Da na dafa, ɗakin ya ɗauki wari irin na bakin mashayi. Gogo ta ture ƙwaryar.

"Rekiya, mai wanka ba abin da hancinta ba ya ji. In na mutu da warin nan, wa zai yarda ban sha giya ba?"

Magdalina ta ce, "Haba Gogo, wane wari zai iya da daddawarki?"

Gogo ba ta yi dariya ba. Kwana tara ba ta taɓa shi ba, har ƙullutun ya fara tsattsafo ruwa. Sai ta ce za ta sha, amma sai in na koyi wanka, don kada kowa ya taɓa ta sai ni. Ni da ko gawar maigidana ban iya kallo ba.

Gawa uku muka yi wa wanka tare, tana zaune tana nuna mini da baki, don hannunta ya kumbura. Furen kan sa ta barci. Ban ga ya rage komai ba.

Ta rasu farkon damina. Mata biyu suka taso za su zuba mini ruwa, na ce su aje tulun su fita, na saki asabari.