Rumbun Yaya Audi

A Fakuwa ba a tambayar magidanci dami nawa ya samu. Kana iya tambayarsa iyali, ka tambaye shi jaki, har ka tambayi ciwon ƙafar da ya yi bara, amma abin da ke cikin rumbu tsakaninsa da Ubangijinsa ne. In ka matsa zai ce maka an gode Allah, ko da gero na neman tsaga rumbun, ko da kuwa ɓera kaɗai ke kwana ciki. To a irin wannan gari aka haifi Sada, mutumin da Allah ya ajiye abincinsa a cikin tambayar nan da ba a yi.

Su biyu iyayensu suka bari, shi da wansa Audi. Ubansu ya rasu Sada yana firamare, sai Audi ya saɓa galma ya ce wa ƙanen ya je ya yi ta karatunsa, gona ba ta buƙatar su duka. Haka aka yi. Sada ya gama sakandare a Kankiya, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina kuma ya samu shiga jami'a a Zariya, inda ya karanta tattalin arzikin noma. Mutanen Fakuwa sun daɗe ba su gane wannan karatu ba. Aka kawo masa akuya mai zawo ya ce ba fanninsa ba ne, aka nuna masa dawa mai tsutsa ya ce wannan ma sai malamin gona. Shi dai aikinsa ya auna abin da noma ke ci da abin da yake mayarwa, da asarar da ake yi in an sare itatuwa ƙasa ta gaji. Turai, matar Audi, wadda ba ta raga masa saboda wasan ƙanen miji, ta yanke hukunci cewa manomin takarda ne, kuma sunan ya bi shi.

A shekarun nan babu wanda Sada yake so a duniya kamar wansa. In ya zo hutu tabarma ɗaya suke zama a gindin tsamiyar ƙofar gida, kwano ɗaya suke sa hannu. Audi ba mai yawan magana ba ne, amma ga Sada ba ya ɓoye komai. Yakan gaya masa wace gona ta fara gajiya, da shekarar da ya yi kuskuren shuka da wuri. Har rumbu yakan ce ya hau ya leƙa, abin da Turai kanta ba ta taɓa yi ba.

Da Sada ya zo yin digirinsa na uku, sai ya zaɓi ya yi bincike a kan gidajen da hatsinsu ke ƙarewa kafin sabo ya nuna. Ya yi aikin da kyau, aka yaba, ya zama Dakta, jami'ar ta riƙe shi yana koyarwa. Ana nan sai wani gidan rediyo ya gayyace shi shirin manoma. Sada ya je da zuciya ɗaya, yana so masu mulki su ji halin da ƙauye ke ciki su kawo taki a kan lokaci. Don maganar ta shiga kunne sai ya ba da misali da wani manomi da ya ce ya sani a ƙasar Kankiya, mai gonar gado kusa da tsohuwar rijiya, wanda rumbunsa kan ƙare tun damina ba ta yi nisa ba, har iyalinsa su koma kwaɗon tafasa. Bai kama suna ba, kuma ya fito daga ɗakin yana jin ya yi wa talakawa aiki.

Abin da Dakta ya manta, duk da karatunsa, shi ne a Fakuwa kowane gida akwai rediyo, kuma gonar da ke kusa da tsohuwar rijiya guda ɗaya ce. Ranar kasuwar Kusada mutane suka riƙa tare Audi suna yi masa jaje, wannan ya ce ashe haka abin yake, wancan ya ce Allah ya rufa asiri. Wani tsoho mai kirki ma har gida ya aiko da tiyar gero. Audi ya karɓa ya yi godiya, ya shiga ɗaki, ranar nan bai fito masallaci ba sai da aka idar.

Bai taɓa yi wa ƙanensa maganar ba. Sai dai zuwan da Sada ya yi bayan nan, ya tarar an shimfiɗa masa darduma daban, an yanka zabo, an kai masa abinci shi kaɗai cikin zaure. Audi ya zauna daga gefe yana ce masa Dakta. Ya tambayi gona, aka ce an gode Allah. Turai ce ta tsegunta masa dalili a bakin madafa, ba tare da ta ɗago kai ba, kuma ranar ba ta kira shi manomin takarda ba. Sada ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya sami wansa ya ba shi haƙuri, Audi ya ce ba komai, ai ya wuce. Irin ba komai ɗin nan ce da ba ta barin wurin ƙara magana.

Shekaru suka yi ta tafiya. Sada ya koyar da ɗalibai masu yawa, ya rubuta maƙalu a kan farashin hatsi da ƙwararowar hamada, ya je taruka har ƙasashen waje. Ba shi da hayaniya, bai iya bin manya ba, saboda haka ƙarin girma kan zo masa a makare. Matarsa Zuhura ’yar birni ce, mutuniyar kirki, amma hirar huɗa da maimai ba ta dame ta ba, ’ya’yansa kuwa tuwon gero nauyi yake yi musu. Da rana yakan rufe ofis ya dama furarsa ya sha shi kaɗai. Ya san yadda ake sayar da tiya daga Kusada har Maraɗi, amma bai san ko gidan wansa an ɗora tukunya ba, kuma wannan ya fi komai ci masa rai. In ya je gida ya nufi majalisar dattawa, sai a tashi a ba shi wuri mai kyau, hirar gona ta mutu, a koma zancen siyasa har ya tafi. Ba ƙinsa suke yi ba, alfahari ma suke da shi. Kawai dai ba a sakin baki a gabansa.

Sai aka yi wata shekara da ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai. Sada ya san abin da hakan ke nufi tun kafin manoma su gama girbi, aikinsa ke nan. Ya buga wa Audi waya ya ce zai aiko da hatsi, Audi ya ce a’a, akwai saura, a kai wa mabukata. Ya sake tayi da bazara, amsar ba ta canja ba. Aika wa magidanci hatsi bayan ya ce yana da shi daidai yake da ƙaryata shi a gaban iyalinsa, kuma Sada ya riga ya taɓa kunyata mutumin nan. Sai ya haƙura, yana ta saƙe-saƙe.

Da damina ta kankama ya kai ɗalibansa ƙauyen Mawashi, za su yi wa manoma tambayoyi a kan aikin ƙwadago. Mai gonar da suka fara da shi ya nuna musu ma’aikatansa can suna noman maimai, ya ce bana ’yan ƙwadago sun yi yawa, har daga nesa suke zuwa. Ɗalibai suka bazu cikin gero da takardunsu. Sada yana biye da su a hankali, sai ya hangi wani dattijo a ƙarshen layi, samari sun bar shi a baya, yana noma yana dafa ƙugu. Tun kafin ya ɗago Sada ya gane ƙeyar. Audi ne, da furfurarsa, ya baro Fakuwa ya zo inda ba a san shi ba don ya yi noman kuɗi. Wata ɗaliba ta riga ta tsaya a kansa tana tambayar ko mutum nawa yake ciyarwa.

Sada ya ce mata ta wuce gaba. Suka tsaya su biyu, gero ya kai musu ƙirji.

“Sannu da aiki, Dakta,” in ji Audi.

“Yaya, mi ya sa ba ka faɗa mani ba?”

Audi ya share gumi da hularsa, yana duban bakin hauyarsa. Babu fushi a muryarsa da ya yi magana.

“Na so in faɗa ma ka. Sau da yawa kau. Sai in rasa wa zai ji, ƙanena ko Dakta.”

Sai Audi ya ce wa Sada a yi haƙuri, samari sun yi masa nisa, kuma mai gona na kallo. Ya duƙa ya ci gaba da nomansa.

Washegari Sada ya shiga kasuwa ya sayi gero da dawa, ya sa aka kai Fakuwa, wannan karon bai nemi izinin kowa ba. Shi ma ya bi bayan motar ya sauka a gidan wansa, yana fata ko faɗa ne Audi ya yi masa, ya ce wa ya sa shi, ya zage shi kamar yadda wa kan zagi ƙanensa. Da ya samu haka da ya ji daɗi.

Bayan la’asar yana zaune a zaure sai ya ji sallama. Audi ne ya shigo cikin rigarsa ta Juma’a, tare da liman da wani maƙwabci, kamar yadda ake yi in za a je gode wa babban mutum. Suka tuɓe takalma. Audi, wanda ya goya shi, ya yi noma ya kai shi makaranta, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce sun zo godiya ne, Allah ya saka wa Dakta da alheri, ya ƙara girma. Liman ya ɗaga hannu ya fara addu’a. Sada ya ɗaga nasa shi ma, yana cewa amin, hawaye na zuba cikin tafinsa, liman kuwa ya ɗauka tsoron Allah ne ya ƙara tsawaita addu’ar.