Furotin ɗin Ɗan Adam a Firizar Inna

A shekarun da aka fara Shari'a a Kano, jami'armu ta shiga yajin aiki, aka yanke wutar ɗakin bincikenmu. Abin da ya fi damuna wata 'yar kwalba ce, ba ta kai ɗan yatsa ba, wadda na sha wuya kafin ta iso daga waje. A cikinta akwai furotin irin na jikin mutum, daga cikin masu dakon kaya a cikin ƙwayar halitta, daga sashen da ake ƙera furotin zuwa inda ake rarraba shi. Idan ta yi ɗumi, digirina ya tafi. Na sa ta a kula na nufi Gwarzo, inda Inna ke sayar da ƙanƙara da zoɓo, ga ta da ɗan janareta.

Kawuna na Kabo, yayan Inna, a lokacin ba abin da ke wuce shi bai yi masa hukunci ba, har tsawon wandon mai shayi. Ya tarar da ni ina cusa kwalbar ƙarƙashin zoɓo a firiza, ya tambaya, ni kuma da bakina na ce furotin ɗin ɗan Adam ne.

"To, sai a binne shi," in ji Kawu. "Duk abin da ya rabu da jikin mutum, ƙasa ce makomarsa."

Na ce ba daga jikin kowa aka ciro shi ba, ƙwayoyin cuta aka koya wa yin irinsa. Ya ce wannan ya ma fi muni. Kafin la'asar unguwa ta ji cewa akwai naman mutum a firizar Inna. Ko matar malamin firamare, 'yar Filato, da ba ta fashin sayen zoɓo, sai ta riƙa gaishe mu daga zaure. Ciniki ya tsaya cak. Duk da haka kullum sai Inna ta sayi fetur ta kunna janareta, ni kuwa kunya kamar ta kashe ni.

Ran Juma'a Kawu ya zo da ƙyallen farin yadi, ya ce a miƙo. Ya riƙe kwalbar a tafinsa mai zafi, ina ji kamar zuciyata yake matsawa. Ya ɗaga ta sama, ya jijjiga, ya kanne ido ɗaya. Garin furotin ɗin da ke ciki bai kai abin da ido zai gani ba.

"Ba gawa a nan," ya ce. "Yarinya, an cuce ki."

Haka ya sanar a ƙofar masallaci. Masu saye suka dawo, ni kuma na zama wadda Turawa suka sayar wa kwalba fanko. Na ji haushi sosai, amma na bar su a haka.

Da zan koma Kano, Inna ta jera mini ƙanƙara a kular da hannunta. Na tambaye ta ko ita ma tana ganin an cuce ni.

"Ni ma ban ga komai a ciki ba," ta ce. "Fuskarki na gani lokacin da ya riƙe ta."