Daminar Da Na Ɓoye Jini

Ranar wata Laraba ce cikin damina, ina aji biyar na firamare, na tsuguna a bayan ɗakin kakata Inna a Dundaye, sai na ga ƙarshen fitsarina ya fito ja, kamar an ɗiga zoɓo a yashi. Na daɗe ina kallo har ƙasa ta shanye shi. Zafin kaɗan ne, amma na tura yashi da ƙafa na rufe wurin.

A lokacin duk hutu can ake kai ni daga gidanmu na Arkilla. Da hantsi mu kai wa masu aikin shinkafa fura a fadama, a dawowa mu aje ƙorai mu faɗa tafki. Ruwan ɗumi gare shi. Nakan kwanta rigingine a kansa, kunnuwana a ciki, ina bin gajimare da balbelu da ido har in manta sunana. Mukan tsinci ƙananan katantanwa mu jera a gaɓa, wai shanunmu ne. In mun fito jiki ya yi ta ƙaiƙayi, muna susa muna dariya.

Da na gaya wa Inna, murmushi ta yi. "Girma na, ɗiyata," in ji ta, ta ce in aje salla sai jinin ya ɗauke. Bayan mako ta tambaye ni, kunya ta sa na ce ya ɗauke, alhali kullum yana nan. Haka na koma bin sahu a bayanta, ina sujada zuciyata na gaya mini ba a karɓa. Na tabbata mutuwa zan yi, in tafi da sallolin da ba su hau ba.

Da na koma gida Mama ta ja fatar idona ta ga ta yi fari, ta sa ni a keke sai asibiti. A can na faɗi maganar jinin, malamar asibitin ta ɗora ɗigon fitsarina a madubin gwaji. "Wagga ba haila ba ta, tsargiya ta. Taho ki gani." Na leƙa. Cikin wani farin haske ƙwayaye suna kwance, kowanne da 'yar ƙaya a gindinsa, kyawawa da su. Ta ce tsutsar da ke saka ƙwan daga katantanwa take fita, ta huda fata, ta zauna a jijiyar jini. Aka auna tsawona don a san yawan maganin, aka ba ni ƙwayoyi masu ɗaci.

Yanzu na gama sakandare. Malamar kimiyya ta taɓa gaya mana masu bincike sukan rufe bakin ƙwayar halittar da ke haɗa abin da ke riƙe jikin tsutsar tsargiya, don su ga yadda jikin nata zai saki. Kowa na rubutu, ni kuwa tafkin nan nake tunawa. Har yau in keke ya bi da ni kusa da fadama nakan tattare zanena, duk da jikina na kewar ɗumin nan.

A waccan daminar, makonni bayan na sha ƙwayoyin, muka koma gwaji, ana kiran azahar. Malamar asibitin ta daɗe a kan madubin, sannan ta ɗago.

"Babu ƙwai ko guda. Kin warke, 'yammata."

A famfon asibitin na yi alwala ina kuka. Ban taɓa tsayuwar salla mai sauƙi kamar ta ranar ba.