Hachimou, Lokotoron Tsutsar Teku

Yayana Hachimou shi ne na farko a zangonmu na Djougou da gwamnatin juyin juya hali ta tura Rasha karatu. Babanmu Dogo, dillalin shanu, ya yarda ne don an ce lokotoron dabbobi, wato likitansu, za a dawo masa da shi. Kafin jirgi ya tashi, duk makiyayin da ke kawo shanu kasuwa ya sha labari.

Da ya isa aka ce gurbin shanu ya cika, saura na teku. Hachimou, sarkin kunya, ya ce to.

Shekara shida! Yana bin wata tsutsa siririya kamar tsinken tsire, mai gina wa kanta bututu ta shige, a wuraren da ba zurfi inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasan teku. Wata da farar ƙasa take gini, wata da yashi, wata da majinarta. Iri goma sha tara ya ƙirga. A wasiƙa kuma sai ya rubuto, "Dabbobi suna lafiya." Ni ke karanta wa Baba. Na san gaskiya, don ni ya rubuto mini ita daban, na ja bakina, ni ma ban fita daga laifin ba.

Ya dawo aka ba shi koyarwa a Parakou, inda teku sai a taswira. Baba ya ce somin-taɓi ne.

Sai ciwo ya shiga garken Issaka a Kolokondé, makiyayin da Baba ya yi shekara talatin yana sayar masa da shanu. Baba ya zura babbar riga, ya ɗauko ɗansa a mota. Na bi su.

Saniya tana kwance, mutane sun kewaye. Hachimou ya duba ta, ya sake dubawa, gumi na zuba.

"Baba," ya ce, "ban karanci shanu ba. Tsutsar teku na karanta."

"Tana shiga cikin saniya?"

"A'a."

"Ana ci?"

"Ba a ci."

Baba ya naɗe hannun riga, ya tsuguna, ya buɗe bakin saniyar, ya faɗa wa Issaka abin da zai jiƙa mata. Sannan ya ɗago ya tambayi ɗansa tsutsotsin iri nawa ne. Da ya ji, ya juya ga makiyaya ya ce duk arewacin ƙasar nan ba wanda ya kai yaronsa sanin su. Suka ce madalla.

A hanya Hachimou ya yi ta kuka kamar yaro, wallahi har ya ba ni haushi.

Hachimou ya tsufa yana zana tsutsa a allo, ɗalibai na hamma. Baba kuwa, da bai taɓa fashin cin kasuwar Kolokondé ba, bai ƙara taka garin ba har ya rasu. In an tambaya, sai ya ce hanyar ce ta lalace.