Maruƙa Biyu na Saniya Guda

A Sanyinna na tashi. Bayan isha'i kakata Inna Hajo takan hura wuta da karan dawa, mu kewaye ta muna gasa gyaɗa a toka. "Wanda duk ya tanka, shi za ya ƙarasa muna labarin," take cewa, sai kowa ya kama bakinsa.

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wata saniya ta haifi maruƙa biyu a shekarar fari, aka raba su. Ɗaya ya bi garke arewa, ƙasar rairayi, ya yi ja, ƙahonsa ya miƙe. Ɗayan ya zauna fadamar Kebbe, ya yi fari da ƙaton tozo. Bayan shekaru suka haɗu a mashaya, suka sunkuyar da kai za su yi karo. Sai ga uwar ta iso, ta tsufa, ba ta gani sosai. Ta shinshina wannan ta lashe shi, ta shinshina wancan ta lashe shi.

"Ƙasa ka rina fata," in ji Inna, "ba ta iya rina jini."

Fatauci ya kai ni Agadas da Kumasi, na koyi Zabarmanci da Fillanci, na ga shanu iri-iri. Ban sake tuna labarin ba sai bana, da jikata Safiya, haifaffiyar Kumasi, ta zo gidana a Tambuwal. Matan gida suka riƙa kai mata tuwo ɗaki a kwanon baƙi, sauran jikoki kuwa suna ci a faranti guda.

Rannan na iske ta tana wasan tara halittu a waya.

"Amarya, mi kike kiwo nan ciki?"

"Tsoho, ba za ka gane ba. Dubi ƙadangaren nan. A ƙasar rairayi ja ne, a ƙasar ƙanƙara fari. Amma sunansu ɗaya." Ta kife wayar. "Jibi nake so in koma gida."

Na ɗauki kwanonta na fita tsakar gida, na juye tuwon a farantin jikoki.

"Baba, girmama ta muke yi," in ji surukata.

"Girman ga ya isa. Ɗiyar ɗana ce, nan za ta ci, yau da kullum."

Jibin ta zo, ba ta tafi ba. Kwana uku tana ci, kanta a ƙasa. A na huɗu na jiyo ta tana faɗa da wata 'yar'uwarta cikin jikokin kan tsokar nama. Ban raba su ba. Baƙo ba ya faɗa a kan nama.