Ranar Da Na Kai Ƙanwata Shagon Gem

Assalamu alaikum. Ina roƙon a buga wannan ba tare da sunana ba, domin wadda abin ya shafa tana raye, kuma ba ta san na rubuto ba.

Lokacin da nake ajin ƙarshe na sakandare, ni ne sarkin wani shagon gem a unguwar Wunti, ko kuma haka nake ɗaukar kaina. Gidanmu yana Ƙofar Dumi, Babanmu ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai tsare gida wanda ba a kawo masa wargi. Shagon yana bayan layin teloli, ɗan ɗaki ne mai warin zufa da hayaƙin janareto. A ciki akwai wani akwati mai tsayin mutum, da allo irin na talabijin, da sanda da maɓallai shida ga kowane ɗan wasa. Gem ɗin faɗa ne: ka jefa kwandala, ka zaɓi ɗan dambenka, ku kara da wani. Wanda aka ci ya koma bayan layi, ni kuwa ba kasafai nake komawa ba. A makaranta ba ni da wani kataɓus, a filin ƙwallo ba a zaɓena, amma a wannan ɗakin idan na shigo sai a dare mini.

Da labari ya kai kunnen Baba, ya kira ni ya rantse cewa idan ƙafata ta sake taka shagon nan, ƙauye zai tura ni wurin ƙanensa in yi noma, boko ya ƙare ke nan. Amma da yake uba ne, bayan 'yan makonni sai ga shi da kwali: ya sayo mana na'urar gem ta gida, wadda ake jonawa da talabijin, har da kaset mai ɗauke da gem ɗin da nake mutuwar so. Na yi murna, amma ba ta kai magariba ba. Suna ɗaya ne, kaya daban. 'Yan damben sun ƙanƙance, muryarsu ta shaƙe kamar masu mura, 'yan kallon da ke tsalle a bayan fage sun sandare wuri ɗaya. Wani ƙaton da nake ji da shi ma an cire shi gaba ɗaya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne abin riƙewar: maɓallai uku ne kacal. Idan kana naushi kana son ka koma shuri, sai ka danna wani ɗan maɓalli a tsakiya ya sauya maka, kafin nan kuwa an riga an kwantar da kai. Na jefar da shi na ce wannan ai jabu ne.

Ƙanwata ce ta ɗauka. Ita ke bi mini, yarinya ce mai shiru wadda hannunta ba ya zama. Ita ke kwance fankar Inna ta mayar, ita ke gyara rediyon Baba. Burinta ɗaya ne a duniya, ta koyi kwamfuta. A lokacin an fara buɗe wuraren koyarwa a gari, kuma da ƙyar da taimakon Inna Baba ya amince zai sa ta idan aka yi dogon hutu. Ya faɗa a gabanmu cewa ya yarda ne kawai don bai taɓa jin an ce an gan ta inda ba a aike ta ba. Duk gidan mun san a kan wannan yardar maganar take tsaye.

Tun tana danne-danne ina yi mata dariya, har ranar da na zauna in nuna mata iyakarta, ta lallasa ni. Na ce sa'a ce. Ta sake. Babban yatsanta yana tsalle tsakanin naushi da shuri ta wannan maɓallin tsakiya kamar ba ta san yana nan ba. Abin bai tsaya a nan ba, wata rana abokaina biyu suka zo, Inna ta bar su suka shiga falo, ta yi mini dukan kawo wuƙa a gabansu. Suka kwashe da dariya har ɗaya yana dukan kujera. Ita ko ba ta yi dariya ba, ta dube ni ne kawai tana jiran in ce ta iya. Wallahi da na faɗa da shi ke nan, amma na ƙi faɗa. Abu ɗaya tak nake da shi a duniya, shi ma wannan yarinyar ta zo ta karɓe a cikin falonmu, da abin riƙewar da ni na raina.

Daga nan na samu makami. Kullum ta ci ni sai in ce wannan ba gem ba ne, wasan yara ne aka rage masa gudu don irinta. Na riƙa ba ta labarin na gaskiya: yadda ƙasa ke girgiza idan ƙaton nan ya faɗo, yadda sauti ke shiga ciki, yadda ba za ta kai ko ƙiftawar ido ba a kan sanda. Mafi yawan abin da na faɗa game da na'urar gaskiya ne, amma ba don gaskiya nake faɗa ba. Na san mace ba ta shiga shagon gem, don haka ba ta da hanyar ƙaryata ni. Wani lokaci sai ta tambaye ni a hankali ko da gaske maɓallai shida ne, kowanne da aikinsa.

Wata Asabar da hantsi Inna ta aike ta karɓo ɗinki a Wunti, ta ce in raka ta. Telan ya ce mu ɗan jira yana sa maɓalli. Ƙarar gem tana tasowa daga baya, sai ta ce mini Yaya don Allah in bar ta ta leƙa kawai ta ga ƙaton nan. Ni na ja hannunta muka shiga, ni na jefa kwandalar, kuma da nufin in kunyata ta na yi. Shagon ya yi tsit da aka ga hijabi. Zagayen farko na ci ta cikin sauƙi, domin sandar tana kuɓuce mata. Na juya ina yi wa jama'a murmushi. Ita kuwa tana shafa maɓallan ɗaya bayan ɗaya, tana gwada kowanne. Ashe wahalar da na'urar gida ta ba ta horo ce. Wadda ta saba sauya naushi da shuri a tsakiyar faɗa, yau ga su duka shimfiɗe a ƙarƙashin yatsunta. Ta ci zagaye na biyu, ta ci na uku ban ko taɓa ta ba, kuma da ƙatona nake wasa. Shagon ya ɓarke da ihu. Mai shagon da kansa ya ce bai taɓa ganin hannu irin wannan ba. Ban taɓa ganin fuskarta da haske kamar na wannan lokacin ba, ban kuma taɓa jin na tsani wani kamar yadda na tsane ta a hanyar komawa gida ba.

Na gaya wa kaina cewa labarin zai iso gida ko ta yaya, gara in riga shi. Ƙarya nake yi wa raina, hassada ce tsagwaronta. Bayan la'asar na sami Baba a zaure na ce masa na bar ta wurin tela na je sayen abu, da na dawo na same ta a shagon gem cikin maza suna yi mata tafi. Ya sa aka kira ta. Ya tambaye ta ko ta shiga, ta ce ta shiga. Ya tambaye ta wa ya kai ta. Ta ɗago ta dube ni, ta san rantsuwar da ke kaina, ta san kalma ɗaya za ta tura ni ƙauye. Ta sunkuyar da kai ta ce ita ta kai kanta. Baba bai dake ta ba, da ma dukan ya yi. Cewa ya yi kada a sake yi masa maganar kwamfuta a gidansa. Washegari ya naɗe na'urar ya kai wa wani abokinsa.

Inna ta yi roƙo har ta gaji. Da hutu ya zo aka kai ƙanwata koyon ɗinki a gidan wata maƙwabciya, inda ba sai ta tsallaka titi ba. Ni kuwa na gama makaranta da ƙyar, kuma ni aka biya wa kuɗin koyon kwamfutar, da ita nake cin abinci har yau. Sau da yawa na yi niyyar gaya wa Baba gaskiya, kullum in ce sai gobe, har Allah ya karɓi ransa yana ganin ita ce ta ci amanarsa.

Bara da Sallah ta kawo mana ziyara gidana a Gwallameji. Ɗana yana da sabuwar na'ura, kuma a cikinta akwai wancan tsohon gem ɗin, wannan karon cif yadda yake a shago, ba a rage komai ba, har ƙaton. Ta tsaya tana kallo da mayafinta a hannu. Na miƙa mata abin riƙewar, na ce ta yafe mini. Ta ce ta daɗe da yafewa. Ta juya shi a hannunta, ta ƙirga maɓallan da babban yatsan da allura ta ɓata, ta mayar wa yaron. Ta ce yatsun sun manta. Sannan ta yi ɗan murmushi ta ce ranar nan a Wunti ce kaɗai aka taɓa damƙa mata abu cikakke a hannu, kuma bai kai a tafasa ruwan shayi ba aka karɓe.

Abin da na koya shi ne, na'urar gida ba ta cuci kowa ba, ni ne jabun. Ina jan kunnen duk wanda Allah ya ba ƙani ko ƙanwa da suka fi shi a wani abu: idan ka ji hassada ta taso maka, buɗe baki ka ce sun iya, ka tashi ka bar wurin. Kada ka tsaya neman aibin abin da ke hannunsu. Ni na ƙi faɗin kalma biyu, ita ta biya da burinta, kuma yafiyar da ta yi mini ba ta mayar mata da shi ba.